Hoton Silin Ɗakin Inna

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Mayu, 2022, gari ya waye da hadari a gabas, baƙi ƙirin, amma bai sauke ko ɗigo ba. Iska ce kawai take kaɗa kayan shanya a barandar hawa na uku. Malama ta tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarta da kofin shayi a hannu, ta dubi hadarin ta taga, sannan ta ɗaga kai ta dubi silin.

Silin ya yi ciki. Tun daminar bara ruwa yake bi ta rufi yana kwanciya a kansa, kuma ruwan farko na bana ya ƙarasa aikin: ya kumbura ya sauko daidai saman gadon Inna, da wani tabo ruwan ƙasa zagaye da shi. Ɗakin ƙarami ne, babu inda za a ja gadon. An yi juyin duniya Inna ta koma falo ta ƙi. Ta ce falo wurin zaman surukinta ne, ita ba za ta shimfiɗa tsufanta a gaban talabijin ɗinsa ba, in silin zai faɗo ya zo ya same ta a gadonta.

Malama ta sha ɗaukar hoton wurin da waya ta tura wa Ejan, mutumin da ke kula da benen. Kullum amsarsa ɗaya ce: wayarsa ba ta buɗe hoto. Mai benen kuwa tsohuwa ce a wani gari mai nisa, ba ta riƙe waya, abin da Ejan ya faɗa mata shi ta sani. Don haka 'yan haya suka taru a gindin matakala suka yanke shawara a wanke hotuna a takarda, a haɗa da wasiƙa, a aika mata ta gidan waya ba tare da Ejan ya ji ko ƙamshin maganar ba.

A wurin taron ne mijin Malama ya miƙe ya gyara murya.

Tsohon ma'aikacin banki ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi kyamara, daga nan gidan bai sake zama lafiya ba. Maƙwabta suna ce masa Darakta, domin ko hoton jariri zai ɗauka sai ya nemi a matsar da rana. Ya shaida wa taro cewa waya abin sallama ce da gaisuwa, hoto kuwa aikin gilashi ne, kuma a duk benen nan gilashi ɗaya ne ya amsa sunansa. Ya yi alkawarin hotunan da in mai benen ta gani, hawaye ne zai hana ta karanta wasiƙar. Malama ta dubi ƙasa. Ba ɗabi'arta ba ce ta katse mijinta a gaban mutane.

Gilashin da yake kuri da shi, wanda ake ɗaurawa a gaban kyamara, irin tsayayyen nan ne: ba ya jawo abu kusa, ba ya tura shi nesa. Inda aka ƙera shi ya tsaya, nan ya tsaya. In kana son abu ya girma ka matsa, in kana son ya shigo duka ka ja da baya. Mai Kemis na hawan ƙasa shi ma yana da kyamara, amma tasa mai zum ce, ana murɗawa hanci ya fito, a murɗa ya koma. Tun da suka gane haka game da juna, gaisuwarsu ta zama gajera.

Mai Kemis ya ce ɗakin Inna matsattse ne, in ana so ya hau da tasa.

"Zum," in ji Darakta, "kamar maganin nan ne da ake talla a bayan mota, wanda ke warkar da ciwon kai da basir da kaikayi. Kai ya kamata ka fi kowa sanin ƙarshen irinsa."

"Ni ina zaune abu yake zuwa wurina," in ji Mai Kemis. "Kai kuwa ka sayi gilashi, shi yake aikenka."

Darakta ya ce ƙafafunsa su ne zum ɗinsa. Mai Kemis ya dubi ƙafafun, ya tambaya ko maganin gwiwar da ya karɓa ranar Laraba ya yi aiki.

Sai suka koma kan zobe. A jikin gilashin Darakta akwai wani zobe mai lambobi, da shi ake buɗe ƙofar haske ko a tsuke ta, yana ƙas-ƙas in an juya. Shi dai kullum a buɗe yake barinta wangwam. Ya ce kuɗin ƙofa gaba ɗaya ya biya, bai ga dalilin buɗe rabi ba. Mai Kemis ya ce shi bai taɓa taɓa wannan wurin ba, kyamara ce ke zaɓa da kanta, waɗanda suka ƙera ta sun yi karatu. Darakta ya ce mutumin da ya bar wa na'ura zaɓen haske, gobe ita za ta zaɓa masa hula. A nan taro ya watse, don an kira sallah.

To, safiyar Asabar ɗin nan aka fara aiki.

Darakta ya shiga ɗakin Inna da sallama, da riga mai aljihu da yawa, ya ɗaga kyamara sama. Abin da ya gani a ciki bai fi tafin hannu ba na silin, fari fes, ko alamar tabo babu. Ya durƙusa. Ya zauna. Ya kwanta rigingine a ƙasa, kansa ƙarƙashin kujera, ƙafafunsa a bakin ƙofa. Inna tana kan gado da carbi, ta leƙo shi ta ce, "Sannu da aiki." Daga nan ta tambayi 'yarta a hankali ko jikin nasa ne.

Ya tashi ya ce ɗakin ne ba a gina shi bisa ƙa'ida ba. Ya ja da baya zuwa lungu, saman ƙofa ya tare masa. Ya ɗauko sukundireba ya cire ƙyauren gaba ɗaya ya jingine shi a falo, sannan ya gane ba ƙyauren ne ya tare ba, bango ne. Ya ci gaba da ja da baya, ya fita daga gidan, ya tsallaka baranda, har bayansa ya bugi ƙofar maƙwabciyarsu.

Maƙwabciyar nas ce, ta yi aikin kwana a asibiti, ba ta daɗe da kwanciya ba. Ta buɗe da ido ɗaya. Ya yi mata bayanin cewa in ta bar ƙofarta a buɗe, su ma suka bar tasu, zai tsaya a kicin ɗinta ya hango ɗakin Inna a miƙe. Nas ta tambaya ko wani ne ba shi da lafiya. Da ta ji babu, sai ta matsa gefe ta ba shi hanya, irin matsawar da ake yi wa wanda ba a da ƙarfin musu da shi. Daga tsakanin firij da tukunyar gas ya hango ƙafar gadon Inna da silifas ɗinta. Silin bai biyo shi ba.

A nan dabara ta zo masa. Ya ga dogon madubi a jikin bangon Nas. Ya ce in aka shimfiɗa madubi a ƙasa aka ɗauki silin ta cikinsa, nisan ya ninka, ilimi ne ba tsafi ba. Malama, wadda ke koyar da lissafi a sakandare, ta yarda a ranta cewa wannan ɗaya dai gaskiya ne, har ta ɗan ji sanyi. Aka kinkimo madubi aka kwantar a tsakar ɗakin. Darakta ya hau kujera ya leƙa. Abin da ya cika madubin shi ne Darakta a kan kujera yana leƙe. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya ɗage ƙafa ɗaya don ya fita daga hoton, kujera ta ce ita ma za ta fita. Bai ji ciwo ba. Kyamarar ma ya ɗaga ta sama kamar mai tsallaka rafi da jariri. Madubin ne ya rabu gida uku.

Nas ta zo ta tsaya a kansa. Ta ce babu komai, dama ta gaji da ganin fuskarta bayan aikin kwana. Ta koma ta rufe ƙofa, aka ji ta murɗa makulli har ƙarshe.

Mai Kemis ya hawo da tasa kyamarar a wuya, wai ya ji ƙara. Ya tsaya a inda ƙyaure yake a da, ya murɗa zum ɗinsa baya, ya ce ga ɗakin nan duka ya shigo, har da Inna da agogon bango. Darakta ya ƙi dubawa. Ya ce shigowa daban, fitowa daban. Mai Kemis ya danna abinsa ya sauka, ya ce zai ƙara wasu daga titi, ta taga, don a ga abin da ake nufi da jawowa.

Daga nan Darakta ya canza salo. Ya ce ba girman ɓarna ke taɓa zuciya ba, wanda ɓarnar ta shafa ne. Ya zaunar da Inna a bakin gado, ya durƙusa a gabanta yadda kumburin silin zai faɗo a bayan kanta, ya buɗe zobe har ya ƙure. Ya bi matakala ya ɗauki tsagewar bango ta bayan tukunyar fulawar Nas. Ya ɗauki bututun da ke yoyo ta bayan wata kyanwa. Yini guda ana jin ƙas-ƙas a benen.

Da yamma Malama ta kawo masa shayi ta tambaya ko za ta iya gani. Ya ce ba a nuna aiki ɗanye, gobe da la'asar kowa zai gani a talabijin, a zaɓi na wankewa.

"Silin dai ya fito ko?" ta ce.

"Ya fito da ruhinsa," ya ce.

Ta ɗauki kofin da ba komai a ciki ta fita. A daren hadarin ya sauke abin da ya tara. Da safe kumburin ya ƙara saukowa, har in babban mutum ya miƙa hannu zai taɓa.

Da la'asar ɗin Lahadi falo ya cika. An jera kujeru, ƙyauren ɗakin Inna yana jingine a bango kamar shi ma an gayyace shi. Ana shirin farawa aka yi sallama, sai ga Ejan cikin fararen kaya sun sha guga, yana ƙamshin turare. Malama ta dubi mijinta. Ya matso ya raɗa mata cewa a bakin get suka haɗu, magana ta kawo magana, kuma mutumin yana da son fasaha fiye da yadda ake zato.

Hoto na farko ya bayyana. Inna ce. Ɗan kunnenta ya fito tar, har ana iya ganin inda ruwan gwal ya fara gogewa. Idonta na kusa ya fito, na nesa ya fara narkewa. A bayanta kuwa wani gajimare ne mai laushi, ruwan zuma da madara, irin wanda ake gani a kalanda. Na biyu ganyen fulawa ne da ɗigon ruwa a kansa, a bayansa wani zare-zaren haske kamar faɗuwar rana. Na uku gashin bakin kyanwa.

Can Nas ta tambaya wane otal ne wannan.

Darakta ya yi murmushi ya ce matakalar da take hawa kullum ce, ido ne ya bambanta. Wata maƙwabciya ta ce ita tsagewar bango take nema, wadda ɗanta ke ɓoye biro a ciki. Ya nuna mata zare-zaren hasken. Ta ce to, Allah Ya ƙara basira.

Mai Kemis ya ga ranarsa ta zo. Ya miƙe ya jona tasa kyamarar. Hotonsa na ɗakin ya ɗauko komai da komai, gaskiya ne, amma cikin wani duhu mai rawa, domin zum ɗinsa ba ya shan haske sosai kuma hannunsa bai tsaya ba. Inna ta zama biyu, agogo ya zama uku. Nas ta ce ta taɓa ganin irinsa, hoton ƙirjin wani mai tari. Wanda ya ɗauko daga titi kuwa ya jawo taga har gaban hanci, labule ne a rufe, kowane zare ya fito.

Darakta ya ce ga ƙarshen maganin bayan mota. Mai Kemis ya ce aƙalla shi ɗakin ya ɗauka, ba aljanna ba.

Ejan ne kaɗai ya yi tafi. Ya roƙi a dawo da hotunan Darakta, ya zaro wayar nan da ba ta buɗe hoto, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya daga fuskar talabijin. Ya ce wallahi shekara da shekaru yana kula da benen nan bai san haka yake da kyau ba. A satin nan zai je wa Hajiya mai benen da su, dama hankalinta ya tashi da jita-jitar da ake kai mata, yanzu sai ta yi barci. Kuma akwai sashen da babu kowa a hawa na biyu, na fulawar zai yi kyau a talla.

Malama ta ajiye tiren da ke hannunta. Ta nuna gajimaren da ke bayan kan mahaifiyarta.

"A ƙarƙashin wannan take kwana," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, amma maganar ta sami Darakta a inda ba ya so. Ya miƙe tsaye ya ce in shaida ake so ba fasaha ba, gilashinsa ya iya wannan ma, kowa ya biyo shi, yanzu-yanzu a gaban idonsu. Kafin jama'a su tashi, Malama ta riga su shiga ɗakin. Ta ce wa Inna ga hotonta can a talabijin, kamar amarya. Inna ta ce ƙarya ne, amma ta nemi silifas. Aka zaunar da ita a babbar kujerar surukinta, tana kallon ɗan kunnenta.

Mutane suka cika ɗakin da lungu. Darakta ya kama zoben, ya dube shi kamar mai sallama da ɗa, ya murɗa ƙas, ƙas, ƙas, har lamba sha shida, ƙofar haske ta koma kamar hudar allura. Ya yi bayanin cewa yanzu komai zai fito, na gaba da na baya. Ya danna. Hoton ya fito baƙi ƙirin. Mai Kemis ya ce lallai komai ya fito daidai wa daida.

Darakta ya ce haske ne ya yi kaɗan, kuma laifin hadari ne. Ya sa aka kawo fitilar caji, ya ɗaure ta da igiyar shanya a kan sandar goge-goge. Sannan ya ce ana bukatar mutum a ƙarƙashin kumburin don a gane girmansa, mutum mai fararen kaya, don su maido da haske. Kowa ya dubi Ejan. Ejan ya dubi silin, ya ga in ya ƙi tsayawa ya amsa cewa akwai abin tsoro. Ya taka ya tsaya, ya gyara hula, har ya ɗan yi murmushin hoto.

Darakta ya tsugunna a bakin ƙofa, kyamara a hannun dama, sanda a hagu, ido ɗaya a rufe. Ya ce hasken bai kai ba. Ya ɗaga sandar. Ya ce saura kaɗan. Ya ƙara ɗagawa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an farke tsohon buhu. Ruwan damina biyu ya sauko gaba ɗaya, da ruɓaɓɓen katako, da kashin ɓera, da wani tsohon gidan tsuntsu. Duk a kan Ejan. Abin da ya rage ya sauka a kan gadon Inna, daidai inda filonta yake.

Ruwa ya ci gaba da ɗiga. Nas ce ta fara tambaya ko an ɗauka. Darakta ya ce yana tsakiyar gyara saiti. Aka juya ga Mai Kemis. Hancin zum ɗinsa yana ta fita yana komawa, yana neman abin da zai kama, bai samu ba tukuna.

Ejan ya cire gidan tsuntsun daga kafaɗarsa ya ajiye a kan durowa. Ya ce alhamdu lillahi, kowa shaida ne, silin lafiyayye ne kamar yadda hotuna suka nuna, ɗan haya ne ya soke shi da sanda. Ya fita yana barin sawu a kan tayil har ƙasan bene. Maƙwabta suka bi bayansa ɗaya-ɗaya, kowa ya zo wucewa sai ya yi wa Darakta sannu da aiki. Mai Kemis ya tsaya ya ce in gilashin ya sha ruwa a saka shi cikin ɗanyar shinkafa. Darakta ya ce gilashinsa ba ya cin abinci.

Daga falo Inna ta ɗaga murya tana tambaya ko akwai wani hoton nata, ko wannan ɗaya ne. A nan ta kwana, a doguwar kujera, da abin canza tasha a ƙarƙashin filo. Darakta ya ji labarai a rediyon kicin, a tsaye.

Washegari da sassafe Malama ta shiga ɗakin da safar hannu ta roba. Ta tona cikin tarkacen ta zaɓi ɓallin silin mai faɗin tire. Fuskarsa fara ce, amma da ta juya bayansa sai ga shi baƙi, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, ƙusoshin sun yi tsatsa sun zama gari, har wasu ƙananan fararen tsiro sun kafa gari a gefe. Ba aikin sanda ba ne, ko yaro ya gani ya sani. Ta naɗe shi a leda, ta saka a kwalin takalmi, ta zauna ta rubuta wa mai benen layi kaɗan da rubutunta na allo: gaisuwa, lambar sashe, da cewa wannan ne yake saman gadon mahaifiyarta har zuwa jiya.

Darakta ya leƙo ya ce in ta ɗan dakata rana ta fito, zai ɗauki ɓallin a bakin taga, tsiron nan zai yi kyau ƙwarai in aka narkar da bayansa. Ta ce ta gode. Ta ɗaure kwalin da igiya, ta roƙe shi in ya sami sarari ya maida ƙyaure.

A gidan waya babu layi. Ma'aikacin ya ɗora kwalin a sikeli, ya ɗauki biro, ya tambayi abin da ke ciki.

"Silin," ta ce.

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ya ga mace ce mai kamala, da jakar malaman makaranta a kafaɗa. Ya rubuta.

"Abin fashewa ne? In sa masa alama?"

"Ya riga ya fashe," ta ce.

Ya buga hatimi, ya jefa kwalin cikin buhu.